Kantin ƙauye da kantunan kamfani: wa ke riƙe da wa?

Ɗan Sawaba: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da shagon kayan masarufi a cikin kwantena a nan Sawaba, cikin Kumasi ta ƙasar Ghana, kuma akwai maganar da ta hana ni sakat. Duk wanda ya zo sai ya ce mini sana'armu ta zo ƙarshe, wai manyan kantuna masu rassa za su haɗiye mu. Ina roƙon manyanmu da suka ga jiya su faɗa mana: kafin waɗannan su zo, yaya kantin ƙauye da na unguwa yake? Daga ina yake samun kaya? Da gaske ne a wancan zamani mai kanti shi ke iko da kansa, babu wani babba a samansa?

Kawu Mai Goro: Wa alaikumus salam ɗana. Wannan magana a cikinta na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya riƙe kanti a zangon wani ƙauye a ƙasar Ahafo, tsakiyar gonakin koko, tun kafin Ghana ta sami 'yanci. Ɗaki ɗaya ne na ƙasa da rufin kwano, da ƙyauren katako, da kanta a gaba. Mai saye ba ya taɓa kaya. Yana tsayawa bayan kanta ya faɗi abin da yake so, a miƙo masa.

Kayan ba su da yawa. Gishiri, sukarin kwali, sabulu, ashana, kananzir, lagwani da ƙwan fitila, kifin gwangwani, madarar gwangwani, bular wanki, allura da zare, adda, ganyen taba. Doya da rogo da ayaba ba kayan kanti ba ne, suna gona ko suna kasuwa ranar da take ci. Kanti na abin da jirgin ruwa ya sauke ne.

Sana'ar duk a rarrabawa take. Sandar sabulu ɗaya ni nake yanka ta da zare gida-gida. Sukari ƙirga shi ake yi ƙwaya-ƙwaya, mace ta zo da kwabo ɗaya ta tafi da na kokon yaranta. Kananzir a auna da ƙaramar kwalba. Har ashana ana kasa ta tsinke-tsinke a ɗaure da zare. Wanda ya ga ribar kowace kasa zai raina ta, amma idan katan ya ƙare aka haɗa, ita ta ciyar da gidanmu.

Sai babban abin, wato bashi. Manomin koko da ɗan ƙwadagon da ya zo daga arewa yana aikin abusa, wanda kashi ɗaya cikin uku na amfanin gona ne rabonsa, ba su da kuɗi a hannu sai kaka ta kama wajen Oktoba. To daga damina har lokacin, a kantinmu suke ci. Mahaifina yana da littafi da yake rubutu da ajami, kowane gida da shafinsa. Ranar da aka auna koko aka biya, a zo a share shafi, a buɗe sabo.

Amma ka ce yana iko da kansa? Ina! Shi ma kayan nan bashi ya ɗauko su a Adum, cibiyar sarin kaya ta Kumasi. Duk wata yana hawa motar katako ya zo Kumasi, ya biya na baya, ya ɗauki sabo. In manomi ya makara, shi ma ya makara, na samansa kuma ba ya jin uzuri.

Maman Hafsa: Allah ya jiƙan Baba, Kawu. Ashe sayar da abu ɗan kaɗan-kaɗan ba yau aka fara ba. Ni na ɗauka da zuwan madara da Milo na leda aka soma.

Kawu Mai Goro: Amin 'yata. Kamfanoni sun ga abin da muke yi da hannu ne, suka mayar da shi aikin inji.

Malam na Tafo: Kawu ya ba da amsar da ta fi ta littafi. Bari in ƙara abin da ke saman Adum ɗin, don Ɗan Sawaba ya ga cewa kantuna masu rassa sun girmi kakansa a ƙasar nan.

Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, layin Accra kuma ya haɗu a 1923. Zuwa 1911 ƙasar nan ce kan gaba a duniya wajen fitar da koko. Kuɗi ya shiga ƙauyuka, kamfanonin Turawa suka bi shi. Akwai Swanzy da Millers, akwai John Holt, G.B. Ollivant da PZ, akwai na Faransawa CFAO da SCOA, akwai UTC wanda asalinsa cinikin mishan na Basel ne da aka fara a Osu tun shekarun 1850. A 1929 aka haɗe Niger Company da African and Eastern aka sami UAC, wanda ya zama ƙarƙashin Unilever. Manyan kantunan Kingsway nasa ne.

Kowane ɗayansu yana da babban sito a bakin teku, da reshe a Kumasi, da ƙananan rassa a garuruwan da ake auna koko. Da hannu ɗaya ya sayi kokon manomi, da ɗaya hannun ya sayar masa da atamfa da kwanon rufi da sukari. Kuɗin da ya fita ta ƙofar sikeli, ta ƙofar kanti yake komawa. Kantin mahaifin Kawu ba kishiyar wannan tsari ba ne, shi ne ƙarshensa, wurin da kamfani ba zai iya ajiye akawu da albashi ba saboda cinikin ya yi masa ƙanƙanta. Sai ya bar wa mutum irin Baba ya ɗauki kasadar bashi da lalacewar kaya shi kaɗai.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne, William Lever, wanda ya sayi Niger Company a 1920, ɗan mai sayar da kayan masarufi ne a garin Bolton na Ingila. A kantin ubansa ya fara, yana yanka sabulu yana naɗewa. Daga nan ya yi tunanin ya sa wa sabulu suna da kwali, ya fito da Sunlight. Man ja da ƙwarar kwakwa da yake nema don sabulun ne suka kawo shi yammacin Afirka.

Kawu Mai Goro: Ikon Allah. Ashe da ni da shi aiki ɗaya muka fara.

Hajiya Asawase: Malam, ka yi bayani amma ka tsallake mata, kuma ba don mata ba kayan kamfani da sun ruɓe a sito. Kakata ta wajen uwa 'yar Asante ce, tana da littafin bashi na wani kamfanin Turawa a Adum, abin da ake kira fasbuk a lokacin, tun kafin wannan na waya. Sai mace ta ajiye jingina, kuɗi ko gwal ɗinta, sannan a buɗe mata littafi ta riƙa ɗaukar kaya, a ƙarshen wata a yi lissafi a ba ta kamasho. Ita ce ke raba wa ƙananan 'yan kasuwa da masu kantin ƙauye. Da yawa irin su mahaifin Kawu ba su taɓa ganin fuskar manaja ba, a hannun mata irin kakata suke sari.

Kuma akwai zalunci guda da take ba mu labari har ta rasu. In kaya ya yi wuya, misali sukari ko wata atamfa da ake rububi, ba za a ba ka shi kaɗai ba. Sai ka haɗa da kwantan da ya daɗe a sito, abin da ba mai so. Ita ma dole ta ɗora wa na ƙasa da ita, na ƙasa ya ɗora wa manomi. Sai a ce mai kanti ne mai tsada, alhali daga sama abin ya gangaro.

Malam na Tafo: Gaskiyarki Hajiya. Wannan haɗa kaya da kwantai yana cikin abin da ya harzuƙa mutane bayan yaƙin duniya na biyu. Manyan kamfanonin suna da ƙungiyarsu, AWAM, ana zarginsu da haɗa baki kan farashi da rabon kayan da ake shigowa da su. A Janairun 1948 Nii Kwabena Bonne, wani basarake na Osu, ya jagoranci ƙaurace wa kantunansu har tsawon wata guda. Ranar 28 ga Fabrairu, ranar da aka janye ƙauracewar, aka harbe tsofaffin sojoji uku a mararrabar Christiansborg, gari ya rikice, aka fasa kantunan Turawa da na Kwarori a Accra, rikicin ya bazu har Kumasi. Daga nan aka kama shugabanni shida, ciki har da Nkrumah, aka kafa kwamitin Watson don binciken rikicin. Ko shekaru goma kafin wannan, a 1937 zuwa 1938, manoma sun riƙe kokonsu sun ƙi sayarwa, sun kuma ƙi sayen kayan kamfanonin. Hanyar 'yancin ƙasar nan ta bi ta gaban kanta, yara ba su sani ba.

Akawun Bantama: Da izinin manya, ni ina da ja. Duk abin da aka faɗa na zalunci gaskiya ne, amma kada mu mayar da kantin ƙauye waliyyi. Idan kanti ɗaya ne a gari, kuma kowa yana cikin littafinsa, wa zai ce masa awonka ya yi ƙasa? Wanda ake bi bashi ba ya taya kaya. Ina aikin lissafi, na san idan ka raba sandar sabulu gida takwas, talaka yana biyan fiye da abin da mai kuɗi ya biya a kan sanda ɗaya. Kantuna masu rassa sun kawo farashi a rubuce, awo ɗaya ga kowa, da rasit. Wannan ci gaba ne, ko mun so ko mun ƙi.

Kawu Mai Goro: Ɗana Akawu, ban ce babu macuta ba, akwai su, na ga mai dukan gindin gwangwanin awo ya lotsa ciki. Amma ka sani mai kanti a ƙauye a nan yake sallah, a nan zai aurar da 'yarsa, a nan za a binne shi. In ya cuci mutane, liman zai ji, sarkin zango zai ji, matarsa za ta ji a bakin rafi. Manajan kamfani kuwa bayan shekara biyu an ɗauke shi an kai shi wani gari.

Akawun Bantama: Kawu, kunyar ido tana hana wasu, ba ta hana kowa. Sikeli na gaskiya ya fi ta tabbas.

Baba Alabar: Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, akwai abin da ba a faɗa ba kuma ya kamata a faɗa. Mu Hausawan zango ba mu ne muka fi yawa a wannan sana'a ba. Iyayenmu fataken goro ne da shanu da fawa, hanyar Salaga da Kintampo suka sani. Mahaifin Kawu yana cikin 'yan kaɗan. Masu kantin ƙauye a wancan lokaci, mafi yawansu Yarbawa ne, sai mutanen Kwahu, sai Zabarmawa. Ba ƙauyen da za ka shiga a Asante ko Ahafo ba ka tarar da Bayarabe da ɗan kantinsa ba, matarsa kuma da faranti a kai tana zaga gidaje. Yaro zai zo daga garinsu ya yi wa maigida hidima shekaru, sannan a sallame shi da jari ya je wani ƙauye ya buɗe nasa, yana ci gaba da sari a hannun maigidan. To wannan ba rassa ba ne? Rassa ne, sai dai babu allo mai suna ɗaya a kansu.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta fitar da dokar baƙi, aka ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Ina saurayi a lokacin. Maƙwabtanmu da aka haifa a nan Alabar, waɗanda ba su san hanyar Ogbomosho ba, suka sayar da kanti da kayan ɗaki a kan kuɗin mota. Littattafan bashinsu suka tafi a banza. Da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa ma an tafi da su. A 1970 aka ƙara da dokar da ta keɓe ƙananan sana'o'in saye da sayarwa ga 'yan ƙasa. Ba Kingsway ba ne ya rufe kantunan ƙauye a ƙasar nan, dokar baƙin nan ce ta rufe su a dare ɗaya. Waɗanda suka gaje su da yawa ba su iya riƙewa ba, don sun sami ɗaki da kanta amma ba su sami maigidan da zai ba su kaya ba.

Kawu Mai Goro: Baba Alabar, ka tuna mini da baƙin ciki. Mahaifina yana da takarda, ya zauna, amma mutumin da yake ba shi kananzir da gishiri bashi ya tafi. Shekarar nan kantinmu bai cika ba.

Ɗan Sawaba: Wallahi ban taɓa jin wannan ba. To Kingsway da UTC ɗin su kuma me ya kashe su? Mu dai mun taso mun tarar da suna kawai, ana cewa mota ta sauke ka a Kingsway.

Malam na Tafo: Ba abu ɗaya ba ne. A farkon 1957, gab da 'yanci, Nkrumah da kansa ya buɗe sabon ginin Kingsway a Accra. Amma yana son ƙasa ta riƙe cinikinta, don haka aka kafa GNTC, kamfanin ciniki na gwamnati, a 1961, gwamnati ta sayi kantunan Leventis ta zuba a ciki. Ka ga nan gwamnati ita ma ta zama mai kantuna masu rassa. Aka shigo da lasin shigo da kaya da ƙayyade farashi. Da farashin koko ya faɗi, kuɗin waje ya yi ƙaranci, kantuna suka fara zama fanko. A zamanin mulkin Janar Acheampong, daga 1972 zuwa 1978, abin ya kai inda madara, sukari, sabulu da kifin gwangwani sai mai takardar izini daga wani babba. Shi ne zamanin kalabule, wato cuwa-cuwa da cin ƙazamar riba. Babban kanti mai albashi da haya da wutar lantarki ba ya rayuwa da kanta babu kaya. Lokacin da aka sake buɗe ƙofar ciniki bayan 1983, sun riga sun raunana, ƙananan 'yan kasuwa masu zuwa Lome da Legas sun fi su sauri.

Akawun Bantama: Kuma a wannan zamanin ne ƙananan 'yan kasuwa suka nuna halinsu. Su suka ɓoye kaya a ƙarƙashin gado suna sayarwa ninki biyar.

Hajiya Asawase: Akawu, tsaya nan. Kai ba a haife ka ba, ni ina kasuwa tare da uwata. Katan ɗin madara kafin ya iso hannunmu ya bi ta hannu huɗu ko biyar, kowa ya ɗora nasa, na farkon kuma shi ne mai takardar da bai taɓa zama a kasuwa ba. Mu muka saya da tsada, aka ce mu sayar a farashin gwamnati, wato ƙasa da uwar kuɗi. Wace mai hankali za ta yi? A 1979 aka yi wa mata bulala a bainar jama'a a kan gwangwanin madara, aka rushe kasuwar Makola ta Accra a watan Agusta. Bayan an rushe ta madara ta dawo? Ba ta dawo ba. Kaya ba su ɓace don mun ɓoye ba, mun ɓoye ne don sun ɓace, kuma don in an gani a kan tebur za a kwashe. Kada ka ƙara ɗora wa iyayenka mata wannan laifi.

Akawun Bantama: Allah ya huci zuciyarki Hajiya. Bulalar ban taɓa goyon bayanta ba. Amma har yanzu ina ganin wanda ya fi shan wuya shi ne mai saye, wanda ba shi da tebur ba shi da takarda.

Hajiya Asawase: Wannan kam gaskiya ne, kuma mu ma masu saye ne idan mun koma gida.

Ɗan Bronx: Gaisuwa ga iyaye daga Amurka. Abin da Ɗan Sawaba ke tsoro an yi shi a nan shekaru ɗari da suka wuce. Akwai kamfanin A&P, ya fara da sayar da ganyen shayi a New York a 1859, zuwa 1930 yana da kantuna fiye da 15,000. Dabararsa ita ce ba bashi, ba kai wa mutum kaya gida, kuma yana saye kai tsaye daga masana'anta da rangwamen da ƙaramin kanti ba zai samu ba. A 1916 wani mai suna Clarence Saunders ya buɗe Piggly Wiggly a Memphis, inda mai saye ke ɗaukar kwando ya zaga ya ɗauki kaya da kansa. Kafin nan a ko'ina irin kantin mahaifin Kawu ne, ka tsaya bayan kanta a miƙo maka. Masu ƙananan kantuna suka yi ta kuka har majalisa ta yi doka a 1936, Robinson-Patman, don hana masana'anta fifita manyan masu saye a farashi ba bisa dalili ba. Ƙananan kantuna da yawa sun mutu duk da haka, wannan ba ƙarya. Amma A&P ɗin shi ma ya karye, ya rufe gaba ɗaya a 2015. A nan unguwarmu kuwa kowace kusurwa akwai ƙaramin shago, na 'yan Yaman ko 'yan Dominika, har da na 'yan'uwanmu masu sayar da garin rogo da shito.

Malam na Tafo: A Ingila ma haka. Sainsbury ya fara da shago ɗaya a Landan a 1869, Lipton a Glasgow a 1871, wannan Lipton ɗin dai na mai shayi. Duk da shago ɗaya suka fara. Amma akwai bambanci da ƙasarmu. A can babban kanti ya ci nasara ne lokacin da gidaje suka sami firji da mota da albashin mako ko na wata, mutum ya sayi kayan kwana bakwai a tashi ɗaya. A zango mutum nawa ne ke samun kuɗi ta haka? Ɗan pragya, wato mai keke mai ƙafa uku, da mai waakye da tela kullum suke samu, kullum suke saye.

Maman Hafsa: Ni dai zan faɗi gaskiyata a matsayin mai cefane. Ƙarshen wata ina zuwa Kumasi City Mall da ke Asokwa ko Melcom, don ina ganin farashi a rubuce, ina duba ranar lalacewar kaya da idona, kuma ba wanda zai san abin da na saya ya kai labari unguwa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga mace. Amma daga tsakiyar wata zuwa ƙarshe, shagon maƙwabcinmu ne gatana. Ƙarfe shida na safe in aiki Hafsa ta karɓo sukari da burodi, in ce a rubuta. Ba kantin da ke Asokwa da zai yi mini haka.

Sai dai ƙanena Ɗan Sawaba, ku ma ku gyara. Kwantena tana zafi, man shafawa a burodi ya narke, madara ta kumbura, a sayar wa yaro haka nan. Wannan yana kore mu.

Ɗan Sawaba: Na karɓa Yaya, zafin kwantena matsala ce ta gaske, na sa silin da rumfa a kan tawa. Amma ga abin da ya fi ci mini rai. Wani lokaci farashin da nake sari a Adum ya fi wanda babban kanti ke sayar wa mai saye ɗaya idan suna rangwame. Ta yaya zan yi gasa? Sannan bashi. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari. Na ba mutum shinkafa bashi, ya biya ni bayan wata biyu cif yadda muka yi, amma kuɗin bai sake sayen abin da ya ɗauka ba. Bai cuce ni ba, amma jarina ya zube.

Kawu Mai Goro: Wannan ita ce cutar da mahaifina bai sani ba a farkon zamaninsa. Sule na bana shi ne sule na baɗi, shi ya sa ake iya jiran kaka. Da sidi ya fara narkewa a shekarun 1970, littafin bashi ne ya fara mutuwa kafin kanti.

Baba Alabar: Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Babban kantin ma da kake gani, kayan da ke kan kantarsa bai biya ba tukuna, masana'anta ke jiransa. Bambancin kawai shi ana ɗaga masa ƙafa, kai kuma motar dillali in ta tsaya ƙofar shagonka sai ka biya nan take ko ka tura ta MoMo, wato kuɗin waya.

Malam na Tafo: To ai maganin wannan an daɗe da gano shi. A 1844 wasu ma'aikata 28 a garin Rochdale, da yawansu masaƙa, suka haɗa kuɗi suka buɗe shago da fulawa, sukari, man shanu, garin hatsi da kyandir kawai. Sharaɗinsu awo na gaskiya, kuɗi hannu, riba a raba gwargwadon sayen kowa. Daga baya ƙungiyoyin irinsu suka haɗu suka kafa nasu babban wurin sari. Me zai hana masu shaguna ashirin na Sawaba da Aboabo da Asawase su haɗa odarsu, su je wa babban dillali da murya ɗaya? Wanda ke sayen katan ɗari biyu ba a yi masa farashin mai katan biyar.

Hajiya Asawase: Malam, a baki abu ne mai sauƙi. Na ga irin wannan haɗaka ta watse a kasuwa ba sau ɗaya ba. Kullum abu biyu ke kashe ta: a ba mutum ɗaya riƙon kuɗi, ko a bar wani ya ɗauki kasonsa ya ce zai kawo kuɗi Juma'a. In za ku yi, ku fara da abin da ba ya lalacewa kuma kowa na sayarwa, shinkafa, sukari, man girki, sabulu. Ban da madara, ban da abin sha. Kowa ya biya kafin a yi oda, ba bayan an sauke ba. Kuɗin ya tafi hannun dillali kai tsaye, kada ya kwana a aljihun kowa. Kuma a sauke a raba a rana ɗaya, kada ku kama sito, don daga haya da mai gadi rigima ke farawa.

Akawun Bantama: In an kai ga yi, ni zan riƙe muku lissafin watannin farko ba tare da an biya ni ba, da sharaɗin kowa zai ga takardar, kuma kowane shago zai rubuta farashi a jikin kaya.

Ɗan Sawaba: Allah ya saka da alheri. Na san mutum shida a layinmu da za su saurara, zan same su bayan Isha. Kawu, tambaya ta ƙarshe. Yaya Baba yake yi da wanda bashinsa ya yi yawa, ba tare da an ɓata zumunci ba? Wannan ya fi komai yi mini wuya, musamman in dattijo ne ko matar aboki.

Kawu Mai Goro: Yana da iyaka ga kowane gida tun ranar buɗe shafi, gwargwadon buhun kokon da ya san gidan na samu, kuma yana faɗa wa maigidan a gaban shaida ɗaya. Ba ya tambayar bashi a gaban kanta, ba ya aika yaro. Da kansa yake zuwa gida bayan Magariba. In shafi ya cika, yana ci gaba da ba da gishiri da kananzir da sabulu, amma ya tsayar da taba da kifin gwangwani da atamfa har a rage. Na marayu da gwauruwa kuwa yana ware su a bayan littafi, idan shekara ta zagayo ya lissafa su cikin zakkarsa ya soke. Kai da kake cikin zamanin da kuɗi ke narkewa, ka mayar da iyakarka ta mako biyu, ba ta kaka ba, kuma shinkafa da mai kada su shiga littafi sai ga wanda ka san ranar albashinsa.

Hajiya Asawase: Maganar zakkar nan a tambayi malamai tukuna, Kawu, don na ji akwai saɓani a kan soke bashi a madadinta. Ɗan Sawaba, in kun haɗu ku shida ɗin, ka zo kasuwar Kejetia ranar Litinin da safe kafin kasuwa ta cika, in kai ka wurin masu shinkafa ka ji farashin buhu hamsin da kunnenka.